Philip Farkas, Sarkin Busa Da Ya Sauka Daga Kujera Ya Koma Aji

Cikin shekarar 1960 aka yi wani abu a birnin Shikago na ƙasar Amurka wanda ya ba masu sha'awar kiɗan Turawa mamaki. Philip Farkas, shugaban masu busa ƙaho a babbar ƙungiyar makaɗan birnin, ya ajiye aikinsa yana da shekara 46 da haihuwa. Ba ciwo ya kama shi ba, ba kuma korarsa aka yi ba. Ya dai tattara nasa ya nasa ya koma wani ƙaramin gari da ake kira Bloomington, cikin jihar Indiyana, don ya zama malamin busa a jami'ar da ke can. A lokacin nan kuwa ƙungiyar Shikago tana kan ganiyarta, faya-fayanta na garmaho suna zaga duniya, kujerar da ya tashi daga kanta kuma tana cikin waɗanda kowane mabushi a Amurka yake burin hawa. A idon mai kallo daga waje, kamar mutum ne ya bar fada ya koma tsangaya. Yau, bayan shekara 60 da ɗoriya, in aka ambaci sunansa a tsakanin masu wannan sana'a, abin da ke fara zuwa a rai shi ne karatun da ya bari, busar tasa kuwa sai daga baya.

Mai karatu ba zai gane girman abin da mutumin ya bari ba sai ya san irin kayan busar da ake magana. Ƙahon nan ba na sa ba ne, ba kuma na gwanki ba. Bututu ne siriri na tagulla da aka nannaɗe kamar gammo, wanda in da za a warware shi a miƙar, sai ya kai ƙafa 12, watau kusan mita 4. A kansa akwai ɗan mazurari inda ake ɗora leɓɓa, ƙarshensa kuma ya buɗe da faɗi kamar akushi. Wanda ya taɓa tsayawa kallon 'yan badujala na soja ko na 'yan sanda watakila ya lura da wani a cikinsu da ya cusa hannunsa na dama cikin faffaɗan bakin abin busarsa, yana danna maɓallai da hagu. To, shi ne wannan. Ingilishi suna kiransa ƙahon Faransa, don kuwa kakansa shi ne ƙahon da sarakunan Faransa suke fita farauta da shi cikin ƙarni na 17, ko da yake sifar da ake busawa yanzu aikin maƙeran Jamus ce.

Yadda yake fid da murya daidai yake da kakaki. Babu tsinke a bakinsa irin na algaita. Leɓɓan mai busa su ne ke karkarwa, bututun kuma ya ɗauki karkarwar ya mai da ita sauti. Sai dai kowane bututu yana da muryoyin da tsawonsa ya yardar masa, ba ya wuce su, kuma jere suke kamar matakan tsani: na ƙasa suna nesa da juna, na sama kuwa sai ƙara matsowa suke yi har su kusa haɗewa. Mai kakaki a matakan ƙasa yake zama, murya biyu ko uku sun ishe shi kirarin sarki. Mai ƙahon Faransa kuwa yawancin aikinsa a can sama yake, inda in leɓe ya goce da kamar faɗin gashi, sai a ji muryar maƙwabciya ta fito maimakon wadda ake nema. Wasu Jamusawa biyu, Heinrich Stölzel da Friedrich Blühmel, sun sami takardar mallakar fasahar maɓallai cikin 1818, watau hanyar ƙara wa bututun tsawo nan take don a cike giɓin da ke tsakanin matakai. Cikin 1897 kuma masana'antar Kruspe ta birnin Erfurt ta fid da ƙaho mai hanya biyu, aka haɗa dogon bututun da wani gajere mai kamar ƙafa 9, babban yatsa ne ke sauya su. Duk wannan ya rage hatsarin, amma bai kore shi ba. Har yanzu ba abin busar da ke kunyata gwani a bainar jama'a kamarsa.

A babbar ƙungiyar makaɗa, irin wadda Turawa suke kira okestira, akan sami mutum wajen 90 zuwa 100, gabansu kuma ga madugu tsaye da ɗan tsinke yana ba da hannu. Masu gogen Turawa sukan kai 30, saboda haka in ɗayansu ya kuskure, 'yan'uwansa sun rufa masa asiri. Masu ƙaho kuwa galibi huɗu ne, kowa da muryarsa, na farkon shi ke ɗaukar na sama, shi ne kuma ake bar wa fili shi kaɗai. Masu tsara kiɗa suna son muryar ƙahon nan saboda taushinta, don haka sukan ajiye mata wuraren da kowa ya yi tsit. Haka Tchaikovsky na Rasha ya yi a kashi na biyu na simfoninsa na biyar cikin 1888, haka kuma Richard Strauss na Jamus ya yi a farkon kiɗansa na labarin shaƙiyyin nan Till Eulenspiegel cikin 1895. Mabushin farko yakan zauna minti da yawa yana ƙirga a zuci, leɓɓansa suna hucewa, sa'an nan a ce ya shigo a hankali a kan murya ta sama, mutum dubu biyu suna saurare. Ga shi kuma bakin ƙahon baya yake fuskanta, sai sautin ya bugi bango kafin ya komo ga jama'a, tilas mai busa ya riga hannun madugu da ɗan kaɗan in yana son a ji shi daidai da sauran. Wannan ita ce kujerar da Farkas ya zauna a kai shekara 27, a birane huɗu.

An haife shi a Shikago ran 5 ga watan Maris, 1914. Bai gaji busa ba. Yana yaro cikin 'yan sikawut aka nemi mai busa begila, ya ce zai iya, daga nan ya shiga ƙungiyar badujalar makarantarsu aka ba shi ƙaton ƙahon nan mai muryar ƙasa da ake kira tuba, sunan da ba shi da dangantaka da tuban mai zunubi. Kamar yadda shi da kansa ya riƙa ba da labari, wata rana kwandastan taragon lantarki na cikin gari ya hana shi shiga da abin, wai yana tare wa fasinja hanya. Yaro ya tambaye shi wane irin abin busa ne za a yarda ya shiga da shi, kwandasta ya nuna masa akwatin ƙahon Faransa a hannun wani ɗalibi. Ba da jimawa ba shi da mahaifinsa suka tafi kanti suka ɗauko hayar ɗaya a kan dala 3 a wata.

Sa'ar da ya yi ta gaske ita ce ta malami. Ya faɗa hannun Louis Dufrasne, mutumin Beljiyam da ke busa a gidan wasan opera na Shikago, wanda ya zo da horon Turai mai tsanani, irin na maimaita abu guda kullum safiya har jiki ya haddace shi. Cikin 1933, lokacin da karayar tattalin arziki ta jefa miliyoyin Amurkawa cikin zaman kashe wando, aka kafa sabuwar ƙungiyar makaɗa a Kansas City, aka ɗauki Farkas mabushin farko tun bai cika shekara 20 ba. Cikin 1936 madugu Frederick Stock ya komo da shi gida Shikago a kan wannan muƙami, yana da shekara 22. Daga 1941 ya yi shekara huɗu a Cleveland, ya yi shekara guda a Boston ƙarƙashin Serge Koussevitzky, ya sake komawa Cleveland shekara guda ƙarƙashin George Szell, sa'an nan cikin 1947 ya dawo Shikago. Ƙungiyoyin nan uku, Shikago da Cleveland da Boston, suna cikin biyar da Amurkawa suke ɗauka su ne manya a ƙasarsu.

Dawowar nan tasa ta 1947 tana da wani gefe da masu yabo sukan tsallake, bai kuwa kamata a tsallake shi ba. Sa'ad da ya tafi Cleveland cikin 1941, wadda ta hau kujerarsa mace ce, Helen Kotas, mace ta farko da ta shugabanci wani sashe na masu busa a babbar ƙungiyar makaɗa ta Amurka. Ta riƙe aikin shekara shida. Da Artur Rodziński ya zama madugun Shikago, sai ya nemi Farkas, wanda ya riga ya sani tun Cleveland, aka mai da Kotas kujera ta uku, cikin 1948 kuma ta bar ƙungiyar. Shi Rodziński ɗin ma shekara guda kaɗai ya yi aka rabu da shi. Hukuncin na madugu ne, amma riba ta faɗa wa Farkas, hasara kuma ta faɗa wa matar da ba a kama ta da wani laifi ba a aikinta. Ta ci gaba da busa a wasu ƙungiyoyin birnin, tana kuma koyarwa.

Shekarun da suka fi fid da sunan Farkas su ne daga 1953, da Fritz Reiner, mutumin Hangare, ya karɓi ragama. Reiner gwani ne na ƙin ƙarawa, amma mutum ne mai ban tsoro. Motsin tsinkensa ƙanƙane ne ƙwarai, sai mai ido ya gani, kuma ya shahara da sa wa makaɗi ido a lokacin gwaji, ya sa shi maimaita wuri mai wuya a gaban 'yan'uwansa don ya ga ko zai karye. A zamaninsa sashen masu busa kayan tagulla na Shikago ya zama abin kwatance a duniya, Adolph Herseth yana kan kakakin Turawa, Arnold Jacobs yana kan tuba, Farkas yana kan ƙaho. Faya-fayan da suka yi wa kamfanin RCA, kamar kiɗe-kiɗen Strauss da aka ɗauka cikin 1954 da na Béla Bartók cikin 1955, har yanzu ana sayensu ana saurare. Wanda yake son jin busar mutumin, can zai neme ta.

Me zai sa mutum ya bar wannan? Amsar tana cikin jiki. Mai goge yana iya sayen sabuwar tsirkiya in tsohuwa ta tsinke, amma mai ƙaho tsirkiyarsa naman bakinsa ce, tana kuwa tsufa tare da shi. Haƙori ɗaya in ya gusa, ko tsoka ta saki kaɗan, sai muryar da ta saba zuwa da sauƙi ta fara gardama, kuma jama'ar da suka tafa maka jiya ba za su yi maka uzuri yau ba. Wanda ya sauka tun ana marmarinsa ya tsira da sunansa. Amma akwai dalili na biyu wanda ya fi wannan nauyi, shi ne tun kafin 1960 zuciyar Farkas ta riga ta karkata ga koyarwa. Ya riga ya koyar a jami'o'in Northwestern da DePaul yana cikin aiki, ya kuma riga ya wallafa littafin da zai fi kujerarsa daɗewa.

Littafin nan shi ne The Art of French Horn Playing, watau fasahar busa ƙahon Faransa, wanda ya fito cikin 1956. Bai kai shafi 100 ba. Don a san darajarsa sai a duba yadda ake samun wannan ilmi kafinsa. A Turai sana'ar takan bi gida ko ta bi ubangida, kamar gidan Brain na Ingila, inda Aubrey Brain ya gaji mahaifinsa, ɗansa Dennis kuma ya gaje shi. Akwai littattafan darasi tun da daɗewa, amma galibinsu jerin kiɗe-kiɗen motsa baki ne, suna faɗa wa ɗalibi abin da zai busa, bayanin yadda zai yi kuwa yana bakin malami. Amurka ƙasa ce mai faɗi, kusan kowace makarantar sakandare tana da 'yan badujala, amma garuruwa da yawa ba su da ko mutum ɗaya da ya iya ƙahon nan. Malami guda ne ke koyar da kowane irin abin busa, shi kansa kuwa watakila sarewa ya karanta. Yaron da aka miƙa wa ƙaho a irin wannan wuri sai ya yi ta lalube, ya kama mummunar ɗabi'a wadda za ta bi shi har girma. Farkas ya zauna ya rubuta wa wannan yaro, da malaminsa, abin da ake faɗa a ɗaki tsakanin gwani da almajiri: yadda ake zaɓen ƙaho da mazurarinsa, yadda ake zama, yadda ake lanƙwasa hannun dama a cikin bakin ƙahon don gyara murya, numfashi, aikin harshe, motsa baki da safe, da dabarar juya rubutaccen kiɗa a ka, don kuwa tsofaffin takardu an rubuta su ne domin ƙahoni masu tsawo dabam-dabam, tilas mabushin yau ya ga murya ɗaya a takarda ya busa wata. Har fargabar fitowa gaban jama'a bai bari ba. Harshen littafin mai sauƙi ne, na mutumin da ya yi aikin da bakinsa, ba na mai ji daga nesa ba.

Inda ya fi zurfafawa shi ne zaman leɓɓa, kuma nan ne gardama ta taso. Ya koyar da cewa a ɗora mazurari kashi biyu cikin uku a leɓen sama, kashi ɗaya a na ƙasa, abin da mafi yawan masu ƙaho suke bi har yau. Cikin 1962 ya fid da littafi na biyu, The Art of Brass Playing, domin dukkan masu busa kayan tagulla, a ciki ya bayyana tsokokin fuska ɗaya bayan ɗaya. Ya nuna cewa akwai tsokar da ta zagaye baki tana tsuke shi kamar na mai fito, akwai kuma na kumatu da ke jan sa baya kamar na mai murmushi, kuma busa mai kyau tana samuwa ne in waɗannan biyu suka ja juna ba wanda ya rinjayi wani. Ya kwatanta abin da jakar yadi mai mazagi da aka sa gwangwani a cikinta: in aka ja mazagin, sai yadin ya ɗame a kan bakin gwangwanin, ya bar 'yar kafa a tsakiya. Don a gani da ido, ya yanke da'irar mazurari ita kaɗai ya manna mata mariƙi, ya ɗauki hotunan bakunan abokan aikinsa na Shikago suna busa a kanta. Ya kuma koyar da cewa a turo haɓa gaba har haƙoran sama da na ƙasa su daidaita, don iska ta tafi sak cikin ramin mazurari.

Wannan magana ta ƙarshe hankali ya yarda da ita, amma ashe baki bai yarda ba. Cikin 1970 Farkas ya wallafa wani littafi na hotuna zalla, na bakunan gwanayen masu ƙaho 40, kowanne yana busa muryar sama da ta tsakiya da ta ƙasa a kan da'irar nan, aka kuma sa alamar kibiya tana nuna inda iskar ta nufa. Kusan dukkansu ƙasa iskarsu take karkata, ba ta tafiya sak kamar yadda littafin 1962 ya ce. Bakunan kuma ba su yi kama da juna ba kamar yadda mai ƙa'ida guda zai so. Ya buga hotunan yadda suka fito. Masu binciken zaman leɓɓa na baya, sa'ad da suke gyara wancan ra'ayi nasa, da hotunansa suke kafa hujja. Malamai da yawa in suka ga shaida ta saɓa wa abin da suka shekara takwas suna koyarwa, sai su kulle ta a akwati su ci gaba da wa'azinsu. A nan ne ya cancanci yabo fiye da duk wata murya da ya busa wa Reiner.

Akwai kuma suka mai tushe, wadda ta fito daga 'yan kujeru kaɗan da tasa. Arnold Jacobs mai tuba, wanda ya yi aiki a Shikago daga 1944 zuwa 1988, shi ma babban malami ne, mabusa suna zuwa masa daga ƙasashe, amma hanyarsa dabam ce. Ya karanci aikin huhu sosai, yana da na'urorin auna numfashi a ɗakinsa, duk da haka abin da yake cusa wa ɗalibi shi ne ya ji waƙar a kansa sarai, ya ba da iska isasshiya, ya ƙyale leɓɓa su bi umarni da kansu. A ganinsa yawan sa wa baki ido yana daskarar da mabushi, kamar mai tafiya da ya tsaya lissafin wace tsoka ce ke ɗaga ƙafa, sai ya yi tuntuɓe. Lalle akwai gaskiya a nan. Ba a rasa ɗaliban da suka ɗauki littafin Farkas da madubi, suka yi ta gyaran bakin da ba abin da ya same shi har suka ɓata shi. To amma Jacobs bai rubuta littafi ba, almajiransa ne suka tattara koyarwarsa daga baya, wanda kuwa ba shi da kuɗin zuwa Shikago a wancan zamani bai sami komai daga gare shi ba. Yaron ƙauye da bakinsa ya karkace tun farko ba zai gyaru da cewa ya ji waƙa a ka ba, yana bukatar wanda zai ce masa ga inda za ka ɗora mazurari. Hanyar Jacobs ta fi amfani ga wanda ya riga ya iya ya rikice, ta Farkas kuwa ga wanda bai iya ba tukuna, waɗannan kuma su ne suka fi yawa. Shi ma Farkas ɗin bai tsaya a kan tsoka ba, don littafinsa na 1976, The Art of Musicianship, a kan yadda ake ba kiɗa rai yake magana, da yadda makaɗi zai zauna lafiya da abokan aiki da madugu.

Har ila yau ya sa hannu a ƙira. Daga 1956 ya haɗa kai da kamfanin Holton na garin Elkhorn a jihar Wisconsin, suka fid da ƙaho mai ɗauke da sunansa, da mazurarai iri-iri. Manufar ita ce a sami ƙahon da muryoyinsa ke zaune daram, wanda ana iya ƙera shi da yawa a masana'anta ba sai an jira maƙeri guda ya gama da hannu ba. An sayar da su ƙwarai, makarantu suka cika da su. Gaskiya dai gwanayen manyan ƙungiyoyin Amurka da yawa sun koma ga wata sifa, irin ta maƙerin nan na Shikago Carl Geyer, wadda shi kansa Farkas ya busa a da, kuma an rufe masana'antar Elkhorn cikin 2008. Amma ɗalibai dubbai a kan ƙahonsa suka fara, da yawansu ba su ma san sunan mutum ne ke rubuce a jikin tagullar ba.

A Bloomington ya yi shekara 22, har ya yi ritaya cikin 1982, da rani kuma yakan tafi koyarwa a taron kiɗa na Aspen cikin duwatsun Colorado. Mutum ne mai son tuƙin jirgin sama, yana da ɗan ƙaramin jirginsa. Cikin 1969 yana cikin manyan da suka halarci taron farko na masu ƙaho a jami'ar jihar Florida da ke Tallahassee, taron da ya haifi ƙungiyar masu ƙaho ta duniya cikin 1970. Abin dariya, ƙungiyar nan tun 1971 take kira da a daina cewa ƙahon Faransa a ce ƙaho kawai, alhali kuwa littafin da 'ya'yanta suka fi karantawa yana ɗauke da Faransa a bangonsa. Almajiransa sun bazu cikin ƙungiyoyin makaɗa da jami'o'i, ɗayarsu kuma, Nancy Jordan Fako, wadda ita ma ta busa a ƙungiyar Shikago, ta rubuta tarihin rayuwarsa. Ya mutu a Bloomington ran 21 ga watan Disamba, 1992, yana da shekara 78.

Kujerar tasa ta Shikago ta ɗan yi yawo bayan tafiyarsa kafin ta faɗa hannun Dale Clevenger cikin 1966. Shi wannan gwani ne na gaske, kuma ya zaɓi ya zauna. Ya riƙe ta shekara 47, a 'yan shekarun ƙarshe masu sharhi a jaridun Shikago da New York suna ta ƙorafi a kan muryoyin da ke kuɓuce masa. Da ya sauka cikin 2013, yana da shekara 72, shi ma Bloomington ya nufa, ya kama aikin koyarwa a makarantar kiɗa ta jami'ar Indiyana.